Kafin a Zaɓi Launin Gado, a Tambayi Sunan Katakonsa

Yanzu ga yadda ake ba da aikin kayan ɗaki a Kano da Kaduna da Zariya: uwar amarya ko yayarta ta zaro waya, ta nuna wa kafinta hoton gadon da ta gani a Instagram, ta ce, "Malam, irin wannan nake so, amma a yi mini shi ruwan toka." Sai a yi ciniki a kan launi, a yi a kan tsayin allon gado, a yi a kan hannayen durowa, masu ruwan zinare za a sa ko masu ruwan azurfa, sannan a tsayar da ranar jere. Abu ɗaya ne ba ya shiga cinikin, shi ne katakon da za a yi aikin da shi. Mai saye bai tambaya ba, kafinta bai faɗa ba, fenti kuma ya zo ya rufe asirin kowa.

Wannan ɗabi'a tana damuna, domin kuɗin da uba ke zubawa a ɗakin 'yarsa ba ƙananan kuɗi ba ne. Wani fili yake sayarwa, wani shanu, wani kuma adashin shekaru ne uwa ta kwashe. A ce irin wannan dukiya ta tafi a kan kayan da ba za su kai yayen ɗan fari ba, abin takaici ne. Gadajen da iyayenmu suka shiga da su ɗakunansu, na madaci da na loko, da yawansu har yau suna nan, an sauke su a ɗakin baƙi ko an ba wa wata 'yar uwa a ƙauye, kuma ko kaɗan ba sa ƙara.

Abin da ya mamaye shagunan kafintoci a yau shi ne allon nan da ake kira MDF, da ɗan uwansa HDF. Ba itace ba ne da aka yanka aka tsaga. Zaren katako ne da aka niƙa, aka cakuɗa da gam, aka matse da zafi har ya zama allo mai faɗin ƙafa 4 da tsayin ƙafa 8. Ba na cikin masu zaginsa ido rufe, yana da ranarsa. Fuskarsa sumul take, tana karɓar fenti fiye da kowane katako. Ba ya murɗewa, ba ya tsagewa da sanyi. Injin sassaƙa yana zana masa fure da ganye yadda aka ga dama, shi ya sa allunan gadon zamani suke ɗaukar ido. Ga shi kuma kafinta ba ya ɓata kwanaki wajen fere shi da gyara shi, yanka kawai zai yi ya haɗa.

Amma MDF yana da abokan gaba guda biyu, kuma duka biyun a gidajenmu suke kwana. Na farko ruwa. Ɗakin amarya kullum sai an goge tayil da tsumma mai ruwa, wani lokaci safe da yamma. Duk wanda ya taɓa durƙusawa ya leƙa ƙasan wadirob ɗin da ya shekara biyu a irin wannan ɗaki ya san abin da nake nufi: gefen da ke taɓa ƙasa ya kumbura kamar burodin da ya faɗa shayi, ledar da aka liƙa masa ta ɗaga baki, in ka sa farce sai gari ya biyo ka. Idan ya kumbura kuwa ya kumbura ke nan, babu rana ko matsa da za ta maido shi. Na biyu shi ne tashi. Yawancin sababbin ma'aurata a birni haya suke zaune, kuma duk tashi sai an kwance gado da wadirob an sake ɗaurawa. Sukurun da aka ɗaura a gefen MDF, in aka kwance shi sau biyu sau uku, ramin ya zama gari, ba ya sake kamawa. Daga nan ne ƙofa ke fara langaɓewa, gado ya fara kuka, a kira kafinta ya buga ƙusa a inda bai dace ba, lalacewa ta ƙaru.

To, sai wani ya ce a koma wa katako na gaske mana, a yi komai da maɗobiya da kawo da madaci kamar da. Nan ma ban yarda ba, saboda dajin da zai ɗauki wannan buƙata babu shi. Maɗobiya, itacen nan mai fid da jan ruwa in an sare shi, wanda 'yan katako a Taraba ke kira madrid, ya sha sara irin wanda ba a taɓa gani ba a shekarun da suka biyo bayan 2013, lokacin da kasuwar kayan ɗakin alfarma ta ƙasar Sin ta juyo kansa. Tireloli suka riƙa kwasar gungumansa daga dazuzzukan Taraba da Kogi da Adamawa zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas. Abin ya kai ga an saka shi a jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido tun daga farkon 2017, a 2018 kuma aka dakatar da cinikinsa daga Najeriya zuwa waje. A taron da aka yi a Panama a 2022, an ƙara da dangin madaci da na kawo na Afirka a wannan jeri. Itatuwa ne masu jinkirin girma, wanda aka sare yau jikan mai saran ne zai ga madadinsa, in ma an shuka. Saboda haka duk mai cewa a yi wa kowace amarya gadon maɗobiya bai leƙa daji ba kwanan nan.

Ra'ayina shi ne, kayan ɗaki ba katako ɗaya suke buƙata ba. Kowane sashe da irin wahalar da yake sha, kuma wahalar ce ya kamata ta zaɓi katakon. Kakanninmu sun san haka sarai. Mai sassaƙa ba ya yin turmi da rimi, ƙirya yake nema ko kaɗanya. Allon karatu da aduwa ake yin sa. Magini in zai yi rufi azarar giginya yake sawa, don ya san gara ba ta iya mata. Babu wanda ya ce musu itace itace ne. Mu ne da muka zo da injuna muka mance da wannan ilimi.

A ɗauki gado. Ƙafafuwansa da dogayen katakan gefe da sandunan da katifa ke kwanciya a kai, su ne masu ɗaukar nauyi, su ne kuma ake kwancewa a ɗaura. Nan wurin katako mai ƙarfi ne: loko, wanda 'yan kasuwa suka fi sani da iroko, ko madaci, ko tik. Loko da tik suna jure danshi, zuciyarsu kuma gara ba ta cika kusantarta ba, shi ya sa suka dace da duk abin da zai taɓa ƙasa. Allon kai kuwa, wanda aikinsa ado ne kawai, ba ya taɓa ruwa, ba ya ɗaukar kowa, a yi shi da MDF babu laifi. Wadirob a yi jikinsa da filawud mai kauri, ƙofofinsa da MDF in ana son fenti mai sheƙi, amma a ɗora shi a kan gindi na katako mai ƙarfi wanda zai ɗaga shi inci 3 ko 4 daga tayil. Wannan ɗan gindin kaɗai yana ƙara wa wadirob shekaru, kuma kuɗinsa bai kai na hannayen zinaren da ake rigima a kansu ba. Kujerun kushin su ne inda aka fi yin ha'inci, domin yadi da soso sun rufe komai. A nan ne ake cusa ragowar katakon rufi, da farin obeche mara ƙarfi. Obeche katako ne mai sauƙin nauyi da sauƙin aiki, ya dace da cikin durowa da bayan kabad, amma ba shi da ƙarfin riƙe kujerar da yara za su yi tsalle a kanta, kuma ƙwaron nan mai huda katako yana son sa ƙwarai.

Akwai kuma itatuwan da muke rainawa alhali su ne za su fid da mu. Malaina, wadda aka shuka da yawa a dazuzzukan gwamnati na kudu da nufin ciyar da masana'antun takarda, tana saurin girma, kuma in ta bushe sosai ba ta cika murɗewa ba. Aibinta shi ne jinkirin bushewa, kuma shi ne dalilin da ya sa ta yi baƙin jini, ana aiki da ita tana ɗanya. Tik ana shuka shi a nan gida, akwai gandunsa a dajin Nimbia da ke kudancin Kaduna. Hatta dalbejiya, da ke kowane lungu a Arewa, dangin madaci ce ta jini, katakonta ja-ja ne mai ƙarfi, ƙwari kuma ba sa son sa. Muna sare ta mu ƙona a murhu, sannan mu je mu sayi garin katakon da aka matse a wata ƙasa da tsadar dala.

Duk da haka, sunan itace rabin magana ne. Sauran rabin, wanda a ganina ya fi muhimmanci a ƙasarmu, shi ne bushewa. Yawancin katakon da ke sauka a 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Dei-Dei a Abuja, daga dazuzzukan kudu yake zuwa, daga wajajen Edo da Ondo da Kuros Riba, inda iska ke jiƙe kusan duk shekara. Sau da yawa bai daɗe da barin zarto ba aka loda shi a mota. Ɗanyen katako kuwa ruwan da ke cikinsa kan kai rabin nauyinsa. A kawo shi garin da danshin iska ke sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 a watan Janairu da Fabrairu, ya haura kashi 70 a watan Agusta. Katako yana bin iskar da yake ciki, ya sha ya kumbura, ya saki ya tsuke, kuma a faɗinsa yake tsukewa, tsayinsa kusan ba ya motsi. Shi ya sa teburin da aka haɗa da ɗanyen katako a ƙarshen damina, hunturu na kamawa sai ka ji shi cikin dare ya yi ƙara, da safe ka tarar da tsaga a tsakiyarsa wadda za ka iya zura tsinken tsintsiya. Ƙofar da ta rufu daidai a watan Satumba, a watan Maris ana hango tsakar gida ta gefenta. Mutane sai su ce madacin yanzu ba kamar na da ba ne. Madacin bai canja ba, na da dai an bar shi ya bushe ne.

Tsofaffin kafintoci suna da rumfa a bayan shago inda suke jera katako a inuwa, a ɗaga shi daga ƙasa, a sa 'yan sanduna tsakanin falanki da falanki don iska ta ratsa, a ɗora nauyi a sama, a bar shi watanni. Wanda zai yi aiki da shi bana, bara ya saye shi. Kafintan yau ba shi da jarin da zai binne a rumfa, sai an ba shi kafin alƙalami yake zuwa kasuwa, kuma an ce masa biki saura mako uku. A mako uku babu katakon da zai bushe, don haka ko dai ya yi da ɗanye ko ya gudu wajen MDF. A nan laifin namu ne masu saye. An san ranar biki tun watanni shida baya, an fara haɗa lefe, an kama wurin taro, amma kafinta shi ne na ƙarshe da ake tunawa da shi, a zo masa da gaggawa da kuma ragin da ya san ba zai fita ba sai ya rage a inda ido ba ya gani.

Su ma kafintocin ban wanke su ba. Wanda ya shafa wa farin katako jan launi ya ce wa Hajiya madaci ne, ya ci amana, kuma ya ɓata wa masu gaskiyar cikinsu suna. Haka wanda ya bar farin gefen itace a jikin aiki. Galibi gungume yana da zuciya mai duhu a tsakiya da farin sashe a kusa da ɓawo, kuma ko a loko ne, wannan farin sashen abincin ƙwaro ne. Idan matar gida ta fara share wani lallausan gari a ƙarƙashin gado kowace safiya, ta duba ta ga 'yan ramuka kamar bakin allura, to farin gefe aka sa mata. Akwai kuma haƙƙin yaran shago. Gam ɗin da ke cikin yawancin MDF yana ɗauke da sinadarin fomaldihaid, wanda hukumar binciken sankara ta duniya ta sanya a jerin abubuwan da ke jawo cutar tun 2004, ƙurar katako ita ma tana cikin jerin. Amma ka shiga shago ka tarar da yaro ɗan shekara goma sha biyar yana yanka MDF, kansa da girarsa sun yi fari fat, ko ƙyalle babu a hancinsa.

Abin da nake so ya zama al'ada ba shi da wuya. Mai ba da aiki ya je shago kafin a yi fenti, ya ga kayan tsirara. Ya ɗaga katakon ya ji nauyinsa, ya taɓa sabon yanka da bayan hannu, in ya ji sanyi da laima to da saura. Ya ce, "Maigida, wannan ƙafar da wane itace aka yi ta, yaushe kuma ya shigo shagon nan?" Kafintan kirki ba ya jin haushin wannan tambaya, daɗinta yake ji, don ita ce ke raba shi da ɗan kwaikwayo. Akwai 'yar na'urar auna danshin katako da ba ta fi tafin hannu ba, ya kamata ƙungiyoyin kafintoci da na 'yan katako su sa ta zama kayan aiki kamar guduma, ta yadda katakon kayan ɗaki ba zai hau benci ba sai danshinsa ya sauko wajen kashi 10 zuwa 12. Sannan a rubuta a rasit: ƙafafu da gefe na loko, sanduna na malaina, allon kai MDF, jikin wadirob filawud. Idan hunturu ya zo wani abu ya tsage, mai kaya yana da takardar da zai koma da ita shago.