Dutsen Niƙa ko Mawashi? Gyara ga Masu Fassarar Kayan Tarihi

Akwai wani kuskure da ke yawan ɓullowa a fassarar bayanan kayan tarihi, wato kiran duk dutsen da ya suɗe da sunan dutsen niƙa. Asalinsa kalma guda ce ta Turanci wadda ta haɗiye ma'ana biyu, alhali Bahaushe ya daɗe da raba su.

Dutsen niƙa uwa ce da ɗanta. Faffaɗa ne, cikinsa ya lotsa kamar akushi, kuma idan ya yi santsi sai a koɗa shi da makoɗi don ya kama tsaba. Shi kuwa mawashi ba shi da ɗa, ba a koɗa shi, shaidarsa ita ce sulɓi da siraran kwarin da bakin ƙarfe ya bari.

Wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Duwatsun niƙan da aka tono a kufan Nok, inda aka sami ƙwayoyin gero, shaidar abinci ce. Mawashi kuwa labarin makami da kayan aiki yake bayarwa. Duk manazarcin da ya gwama su ya ba ɗalibansa gurɓataccen tarihi.