Ƙamus ɗin Queffélec da matsalar ma'auni

Ƙamus ɗin keɓaɓɓun kalmomin Faransancin Nijar da Ambroise Queffélec ya fitar a Dakar a 1978 shi ya share fage, kuma aikin ya shiga babban kundin IFA na 1983. Sai dai hanyarsa ta kwatance ce: kalma ba ta samun gurbi sai in ta saɓa wa Faransancin Faransa. Irin wannan rariya tana kama « kilichi » da « foura », amma ginin jimla, karin murya da sirka Hausa ko Zabarmanci a tsakiyar zance duk sai su zube. A ganinmu, ɗalibin digiri na biyu da ya ari hanyar ba tare da ya tuhume ta ba, jerin kalmomi zai tara, nahawun masu maganar kuwa ya kuɓuce masa.