Kaburburan da Tarihinmu Ya Tsallake

Yawancin ƙananan littattafan da ikkilisiyoyinmu ke bugawa don bikin cika shekara hamsin ko ɗari, da kabari suke buɗewa. Walter Gowans ya rasu a Girku a 1894, Thomas Kent kuma a Bida a wannan shekara. Ko ɗalibin aji ɗaya ya haddace wannan. Ba mu ƙi ba, mutanen nan sun ba da ransu. Abin da muke tuhuma shi ne, daga nan sai marubutan su tsallaka zuwa jerin sunayen fastoci da ranar aza harsashin majami'a, kamar ba a binne baƙin mutum ko ɗaya a tsakani ba.

Alhali kuwa da dama cikin masu bi na farko a Arewa 'yantattun bayi ne. A 1909 mishan ta SUM ta karɓi yaran da gwamnatin Turawa ta ƙwato daga hannun masu cinikin bayi, ta zaunar da su a Rumasha, kusa da kogin Binuwai. Daga baya gidan ya koma Wukari, aka rufe shi a 1925. Sunan Lucy, matar Karl Kumm, aka sa wa gidan. Yaran da suka rasu a irin waɗannan gidaje kuwa, littattafan bikinmu ko adadinsu ba su ɗauka, balle sunayensu.

Mu da ke Gama ba sai mun je nesa ba. Dorugu, yaro daga ƙasar Damagaram, an kama shi bawa, Adolf Overweg ya 'yanta shi, Heinrich Barth ya tafi da shi Ingila a 1855. Daga bakinsa J. F. Schön na mishan ta CMS ya rubuta labarai da tatsuniyoyi masu yawa da suka shiga Magana Hausa na 1885. A ƙarshen rayuwarsa ya taimaka wa Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, a makarantar Nasarawa, nan Kano, ya kuma rasu a 1912. Gidan Ɗan Hausa yana nan tsaye, ana kai baƙi su gani. A tambayi aji guda na masu shirin zama fastoci wane ne Dorugu, a ga hannu nawa za su tashi.

Akwai uzuri, dole mu faɗa. 'Yan mishan suna da dangin da ke ajiye wasiƙunsu da ofishin da ke ajiye rahoto. 'Yantaccen bawa an raba shi da danginsa tun yana yaro, gicciyen itacen da aka kafa masa kuma damina kaɗan gara ta cinye. Amma wannan uzurin zamanin da ne, bai wanke marubucin yau da ya kwafe abin da Bature ya rubuta, bai taka zuwa makabarta ba, bai tambayi tsofaffi ba.

Kada kuma a ɗauka fari ne kaɗai ke mantawa da baƙi. A birnin Filadelfiya na Amurka, Richard Allen, wanda ya fanshi kansa daga bauta, shi da dattawan majami'ar Bethel sun sayi filin makabarta a 1810. Dubban mutane aka binne a ciki. A 1889 ikkilisiyar da kanta ta sayar wa hukumar birni da filin, ya zama wurin wasan yara. Wanda ya san yadda fili ke tsada yanzu a Gama da Birget da Tudun Wada, ba zai ce labarin wata duniya ba ne.

Yusufu ma bawa ne da aka sayar. Farawa 50 ta rubuta wasiyyarsa game da ƙasusuwansa, Fitowa 13 ta ce Musa ya ɗauke su, Joshuwa 24 ta faɗi inda aka binne su, a Shekem, har da kuɗin da Yakubu ya sayi filin. Duk kwamitin da aka ɗora wa rubuta tarihin ikkilisiyarsa, ya fara neman littafin rajistar jana'iza da takardar mallakar filin makabarta, sa'an nan ya zaga kaburburan tare da dattawa da mata tsofaffi, da littafi da biro a hannu.