Nazari a kan Wasan Sinima na Touch of Evil

A shekarar 1958 kamfanin Universal na Amurka ya fito da wasan sinima mai suna Touch of Evil, wanda Orson Welles ya tsara, ya kuma fito a cikinsa a matsayin Hank Quinlan, babban ɗan sanda na wani gari da ke bakin iyakar Amurka da Mekziko. An ɗauko labarin daga littafin Badge of Evil na Whit Masterson.

Wasan ya buɗe da wani mutum yana ɗana nakiya a bayan mota. Na'urar ɗaukar hoto ta bi motar nan fiye da minti uku ba yankewa, har ta ƙetare shingen iyaka a gaban ma'aikata, sa'an nan ta fashe. Da wannan Welles ya nuna shinge ba ya tare mugunta, balle miyagun ƙwayoyin da zuriyar Grandi ke fataucinsu.

Amma fa jigon wasan ya wuce fasa-ƙwauri, gama maganarsa a kan ɓacin mai tsaron doka ce. Quinlan bai tara dukiya ba. Ɓacinsa shi ne, in zuciyarsa ta ba shi wane ne mai laifi, sai ya ƙirƙiro shaida. Ya ɓoye nakiya cikin kwalin takalma a gidan wani saurayi, Sanchez, alhali kuwa Vargas, ma'aikacin Mekziko, ya riga ya ga kwalin ba kome ciki. Domin ya toshe bakin Vargas, sai ya haɗa kai da Joe Grandi, daga baya ya shaƙe shi, ya mance sandarsa a wurin, ita ta tona shi.

A ƙarshe aka ce Sanchez ya amsa laifinsa. Nan ƙarfin wasan yake, watau Welles ya bar zaton Quinlan ya zama gaskiya, duk da haka bai wanke shi ba, domin wanda ya mai da zatonsa hukunci ya ƙwace kujerar alƙali.

Wasan bai rasa aibi ba. Charlton Heston, Ba'amurke da aka rina wa fuska, bai gamsar a matsayin Vargas ba, kuma ba a nuna yadda kayan ke ƙetare iyaka ba. Kamfanin ya datse wasan ba da yardar Welles ba, sai a 1998 Walter Murch ya sāke haɗa shi bisa takarda mai shafi 58 da Welles ya rubuta. Wannan haɗin ya fi dacewa da masu nazari.