Gwanintar Kayar da Shugaba Mai Ci

Shugaban da ke kan mulki yana shiga zaɓe ne da kayan yaƙinsa a hannu: baitulmali, jami'an tsaro, rediyo da talabijin na gwamnati, ga 'yan kwangila masu addu'ar ya zarce. Shi ya sa duk wanda ya kayar da shi a akwati ya cancanci a sara masa. Akan ce ai talakawa ne suka gaji. Haka ne, amma gajiyar talaka ba ta zama ƙuri'a sai ta samu gwanayen da suka iya tattara ta.

Aikin da ya fi wuya shi ne haɗa kan 'yan adawa, domin kowane jigo gani yake shi ya fi dacewa da kujerar. A 2011 Muhammadu Buhari ya samu ƙuri'a sama da miliyan 12 a ƙarƙashin CPC, galibi daga Arewa, ya sha kaye. A 2013 ACN da CPC da ANPP da wani ɓangare na APGA suka dunƙule suka zama APC, sannan gwamnonin PDP biyar suka sauya sheƙa. Da aka zo zaɓen 28 ga Maris, 2015, Buhari ya tashi da miliyan 15.4, Goodluck Jonathan kuma sama da miliyan 12.8. Ɗan takarar dai shi ne na jiya, sai dai wannan karon ya ci jihohi biyar cikin shida na Kudu maso Yamma.

'Yan adawar Senegal sukan jira zagaye na biyu ne su ƙulla nasu ƙawancen. A 2000 shugaba mai ci Abdou Diouf ya yi gaba a zagayen farko da kashi 41, Abdoulaye Wade na da 31. Moustapha Niasse, wanda ya zo na uku, ya mara wa Wade baya, sai ga Wade ya ci da kashi 58. A 2012 Macky Sall ya yi wa Wade irin wannan dabara, ya tashi daga kashi 26 zuwa 65. A Gambiya babu zagaye na biyu, don haka jam'iyyu bakwai suka tsayar da Adama Barrow tun kafin zaɓen 2016, ya samu kashi 43, ya kawo ƙarshen mulkin Yahya Jammeh na shekara 22.

Bayan haɗin kai sai saƙo, kuma gwani ba ya cika wa mai zaɓe kunne. A Amurka, a muhawarar 1980, Ronald Reagan ya tambayi jama'a ko rayuwarsu ta fi ta shekara huɗu da suka wuce, ya bar kowa ya duba aljihunsa. Ya kayar da Jimmy Carter a jihohi 44 cikin 50. A Ghana kuwa, a 2016, Nana Akufo-Addo ya riƙe wa John Mahama wuya da matsin tattalin arziki da yawan ɗauke wutar lantarki, ya ɗora da alƙawarin karatun sakandare kyauta.

A wurin tsare ƙuri'a ne ake sanin ƙwararru. NPP ta Ghana, jam'iyyar Akufo-Addo, ta kai ƙarar zaɓen 2012 Kotun Ƙoli, aka yi watanni ana shari'a, ta faɗi. Sai ta ɗauki darasi. A 2016 wakilinta a rumfa ba ya gusawa sai an ƙirga ƙuri'a a gabansa, ya sa hannu a takardar sakamako, ya karɓi kwafinsa, ya aika alƙaluman ta waya zuwa cibiyar jam'iyya. Kafin hukumar zaɓe ta yi sanarwa, NPP ta riga ta haɗa lissafinta, kuma Akufo-Addo ya ci da kusan kashi 54. A Senegal ma a 2000, 'yan jaridar gidajen rediyo masu zaman kansu sun riƙa karanto sakamako daga rumfuna ta wayar salula, aka rasa ƙofar sauya alƙaluma. Abin da magoya bayan Buhari ke nufi ke nan da "a kasa, a tsare".

Saboda haka, mai karatu, in ka ji wani yana cika baki zai kayar da mai ci, tambaye shi da wa ya haɗa kai, kuma wakilai nawa ya tanada. A Najeriya rumfunan zaɓe 176,846 ne, kowacce tana buƙatar nata wakilin.