Duban Littafi: Ɗayanmu Maƙaryaci Ne

'Yan makaranta, littafin da muka ɗauko muku a wannan mako da Turanci aka rubuta shi. Sunansa One of Us Is Lying, watau ɗayanmu maƙaryaci ne. Wata Ba'amurkiya ce ta wallafa shi cikin 2017, ana ce da ita Karen McManus, domin samari da 'yan mata tsararku ta tsara shi.

Ga yadda labarin ya fara. A wata makarantar sakandare mai suna Bayview, cikin jihar Kaliforniya, malami ya tsare yara biyar bayan an tashi, domin an sami wayoyi cikin jakunkunansu. Ɗayansu, Simon, ya sha ruwa, nan take ya faɗi, aka kai shi asibiti ya cika. Da aka bincika sai aka tarar an sa man gyaɗa a kofin. Kada ku yi mamaki, akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓar gyaɗa, ko kaɗan suka taɓa sai maƙogwaro ya kumbura, numfashi ya tsaya. Simon kuwa sana'arsa tonon asirin 'yan'uwansa ta waya, ya kuma shirya tona na huɗun nan washegari. Saboda haka 'yan sanda suka zarge su duka: Bronwyn da Addy da Nate da Cooper.

Gwanintar marubuciyar ita ce ta bar kowannensu ya ba da labari da bakinsa, bi da bi, har mai karatu ya rasa wanda zai gaskata. Amma ba wannan ne ya sa muka zaɓi littafin ba. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne zaman Addy da saurayinta Jake.

Da farko Jake ba ya duka, ba ya tsawa. Sai dai shi ke zaɓa mata tufafin da za ta sa, shi ke yanke inda za su, ba ta da wata shawara sai tasa. Ita kuwa tana ganin ƙauna ke nan, har ƙawayenta suna ganin ta yi sa'a. Sai da ya rabu da ita, jama'arsa suka juya mata baya, sa'an nan ta ga ashe ba ta da kowa sai yayarta Ashton. Ranar da ta yanke dogon gashinta da Jake ke yabo, a ganinmu ta fi duk wata farautar mai kisa armashi.

To, a nan muke da magana da marubuciyar, sai mun buɗe muku ƙarshen kafin ta fito. Ashe Simon da kansa ya shirya mutuwarsa don ya jefa sauran cikin masifa, Jake kuwa ya taya shi don ya rama abin da Addy ta yi masa na cin amana. Da ɗan gari akan ci gari. Daga baya har ya bi ta cikin kurmi ya shaƙe ta, Cooper ya cece ta. Wannan ya sa zuciya ta buga, gaskiya ne, amma ya rage darasin. Yarinya tana iya rufe littafin ta ce, ai nawa bai taɓa shaƙe ni ba, ashe lafiya muke. Alhali laifin Jake ya riga ya cika tun ran da ya mai da mutum kamar akuyar da ya ɗaure a turke. Da an bar shi ba shi da hannu cikin mutuwar, da mun fi jin tsoronsa, domin irinsa sun fi masu kisa yawa.

Duk da haka muna so ku karanta shi, Turancinsa ba mai wuya ba ne. In kun kai wurin Addy ku sassauta, ku lura da alamun, don Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, haka ma wadda za ta ɓaci. Ku samari kuma, kowa ya tambayi kansa ko akwai halin Jake tare da shi. Wadda ta ga kanta cikin Addy, kada ta yi shiru, ta gaya wa yayarta, ko uwarta, ko malamar da ta yarda da ita. Allah ya kiyashe mu da ƙaunar da ke zama sarƙa, amin.