Yaranmu Sun Koma Ƙera Motocin Sulke, a Ba Su Inda Za Su Auna na Gaske

Duk wanda ya tashi a Filinge ko ƙauyukan Kurfai ya san motar kara da motar gwangwani. A da, in yaro ya samu langa-langa da waya da tsohon silifas, babbar motar kaya yake ƙerawa, irin Berliet mai ɗaukar gero da dabbobi, ko Land Rover ta kwamanda. Yanzu ku leƙa gindin bedi bayan an taso daga lakwal. Toyota za ku tarar mai buɗaɗɗen baya da bindiga a kafe, ko motar sulke mai ƴar taga. Ba abin mamaki ba ne. Tun 2017 sassan jihar Tilaberi ke cikin dokar ta-ɓaci, harin Shinagodar na 9 ga Janairun 2020 ya ci rayukan sojoji 89, kuma ayarin soja ta cikin garinmu yake bi daga Yamai zuwa Abala. Abin da ido ya gani shi hannu ke kwaikwayo.

Ni ban bar wannan ƙira ba har girmana, shi ya sa iyaye ke kawo mini ƙorafi. Wani dattijon unguwarmu ya tare ni ya ce, "Ɗana, kai da yara ke jin maganarka, ka hana su. Yau motar yaƙi ta gwangwani, gobe fa?" Na ce, "Baba, tsoronku yana kan hanya, amma ku bar ni in gwada wata dabara." A kan bindigar wasa kam bakinmu ɗaya da shi: duk wadda ta yi kama da ta gaske a raba yaro da ita, domin a halin da ake ciki tana iya jawo masa harbi daga nesa. Mota kuwa ba na goyon bayan a hana. Abin da nake so a koya wa yaran shi ne awo.

Masu ƙera ƙananan siffofin motoci a duniya suna da ma'auni. Wanda ya fi yaɗuwa ga motocin soja shi ne 1 bisa 35, wato duk santimita 35 a jikin motar gaske ta zama santimita 1 a hannunka. Kamfanin Tamiya na Japan ne ya yayata shi tun farkon shekarun 1960, kuma asalinsa larura ce: sun yi ƴar tankar Panther daidai girman da batir zai shiga cikinta, da suka auna sai ta faɗo a kan wannan lissafi. Ɗauki Panhard AML, motar sulke ta Faransa mai taya huɗu da rundunar Nijar ta daɗe tana aiki da ita. Gangar jikinta ba ta cika mita 4 ba, ke nan santimita 11 a ƙaramar siffa. Sojan da tsawonsa ya kai mita 1.75 zai koma santimita 5 cif. Yaron da ke gudun rabawa a aji, da ka ce masa tayarsa ta yi wa motar girma, da kansa zai ɗauki alli ya duƙa.

Sai dai awo yana buƙatar abin aunawa, kuma nan ne wayar hannu ta cuce mu. Samari da dama yanzu hoton Facebook da TikTok suke kwafa: Abrams ta Amurka, ko Tiger ta Jamus ta zamanin yaƙin duniya na biyu, tankoki masu tafiya a kan sarƙa waɗanda ba su taɓa ratsa kwarinmu na Dallol Boso ba. Hoton gefe ɗaya yake nunawa, sauran sai zato. Shi ya sa za ka ga aiki mai ƙyalli, fenti ya kwanta, amma ƙofa ba ta isa mutum shiga ba, bututun igwa ya yi kaurin da ba abin da zai ɗauke shi. Tsohuwar motar kara ta yayyenmu ta fi wannan gaskiya, domin mai ita ya zagaya babbar motar a tasha, ya leƙa ƙarƙashinta, ya ga yadda sifirin ke lanƙwasa in an yi lodi.

Gani ya kori ji. Na fahimci haka sosai a gidan tarihin yaƙi na Umuahiya, a jihar Abiya ta Najeriya, wanda aka kafa a 1985. A fili aka jera kayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970: jiragen sama, jirgin ruwan NNS Bonny, da motocin sulken ɓangarorin biyu. Inda na fi daɗewa shi ne gaban waɗanda ƴan Biyafara suka ƙera da kansu, ake ce musu Red Devil. A hoto kamar an zubo su daga masana'anta. Da na matsa sai ga layin walda ya yi tudu, wani wuri mai kauri wani siriri, farantin ƙarfe bai hau ɗan'uwansa daidai ba, tagar direba kuwa tsaga ce kawai. Na sa tafin hannuna a jikin ƙarfen da rana ta gasa, na cire da sauri. A lokacin tunanin mutanen da aka rufe a ciki ya zo mini, da zafi da ƙarar inji da hayaƙi, kuma mafita ƴar ƙofa. Tun daga ranar, in zan ƙera motar soja, wurin zaman mutanen nake fara aunawa kafin igwa.

Wannan ita ce amsata ga dattijo. Bidiyon waya ne ke sa yaro sha'awar yaƙi, don wuta da gudu kawai yake nuna masa. Wanda ya tsaya ya lissafa cewa mutum uku ne ke cushe a cikin AML, direba a gaba, biyu a cikin hasumiyar igwa, gwiwa na gugar ƙarfe, ya fara tausayin yayansa da ke bakin daga.

To ina yaron Filinge zai auna? Kada kowa ya kuskura ya tura shi kusa da motar da ke bakin aiki. A yau wanda ya tunkari motar soja da igiyar awo ko ya ɗaga waya zai ɗauki hoto ya jefa kansa cikin zargi, kuma sojan da ya tsare shi yana da hujja. Ni kaina ina gargaɗin yaran da ke zama wurina a kan haka. Turawa sun warware wannan da gidajen adana tankoki. Na Saumur a Faransa yana da motoci fiye da 800, na Bovington a Ingila yana da kusan 300, har da Little Willie ta 1915 wadda daga gare ta tankar yaƙi ta samo asali. Masu ƙera ƙananan siffofi na shiga da littafi da abin awo. Amma wa zai kai ɗan Kurfai Saumur?

Muna da gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai tun 1959. Akwai ƙasusuwan dabbobin da suka shuɗe, akwai busasshiyar itaciyar Tenere da mota ta kayar a 1973, akwai rumfunan maƙera da dukawa da masaƙa. Gidan da ya iya adana itace guda saboda tarihinta ba zai gaza wa motar sulke biyu ko uku da suka gama aiki ba. Tsohon ƙarfe a ƙasar nan ba ya jiran kowa. Wanda ya san kasuwar Katako ya san yadda ake yanka shi ya koma murhu da baro, kuma ba na zargin masu yin haka, abincinsu suke nema. Amma in aka yanka motar sulke ta ƙarshe, shi ke nan, jikokinmu sai hoto.

Filinge ma ta cancanci irin wannan wuri. Yankin nan ya ba da sojoji tun zamanin Faransa, kuma Janar Seyni Kunce, da ya mulki Nijar daga 1974 zuwa 1987, ɗan Fandu ne, nan kusa da mu. Roƙona ga hukumomin soja da na al'adu bai da tsada. A zaɓi tsohuwar AML da Land Rover ɗaya, a kashe igwar yadda ba za ta ƙara tashi ba, a kafa musu rumfar kwano. A rubuta allo da Hausa da Zabarmanci da Faransanci, mai faɗin shekarar da motar ta shigo, tsawonta da faɗinta da nauyinta, da inda ta yi aiki. A ɗauki tsohon soja ya riƙa buɗe ƙofar yana bayani, a kuma bar yara su shigo da igiyar awo da littafinsu.